Shafin Makarantar Tuƙin Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Sau huɗu Yaya ta kira ni yau. A sauya hoton mota a shafin intanet na makarantar koyon tuƙinta. A cire lambar malamin da ya bar aiki. A mayar da hoton farko, wai ya fi haske. Na huɗun ban ɗauka ba.

Ni na gina mata shafin nan shekara shida da suka wuce, layi-layi da hannuna, ban ari komai wurin kowa ba. Illarsa ɗaya: ko waƙafi za a matsar, sai ni.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai Gilashi, wanda teburinsa ke manne da nawa a ofis, ya ji muna waya. Wai in kwashe shafin in ɗora kan buɗaɗɗiyar manhajar nan da kowa ke saukewa kyauta ya gyara yadda yake so. "Ka ba ta kalmar sirrinta ta riƙa rubuta abinta, ka huta." Na ce masa ban yarda da aikin da mutum dubu suka tsoma wa hannu ba. Ya ce mutum dubun ne ke gano ɓaraka kafin ɓarawo ya gano. Ya ci gaba da tauna murfin bironsa. Wa ya tambaye shi ma?

Talata, 11 ga Maris

Gobe za a yi mini aikin ido. Likita ya ce kwana goma ba waya, ba kwamfuta.

Lahadi, 16 ga Maris

Da ido ɗaya nake rubutun nan, a ɓoye.

Ran Alhamis Yaya ta zo a rikice. An sauya filin gwajin lasisi, ɗalibanta kuma a shafin suke duba wuri da lokaci. Matata ta buɗe kwamfutata, ina kwance da bandeji ina faɗa mata inda za ta danna. Ashe sunayen da na raɗa wa fayilolin ni kaɗai na san ma'anarsu. Akwai "sabo", akwai "sabo2", akwai "na-gaske". Ta goge wata alama bisa kuskure, shafin gaba ɗaya ya koma fari fat. Na daka mata tsawa. Bai kamata ba.

Yaya ta bi waɗanda ta samu a waya. Mutum tara ba su ji ba, jiya suka tafi tsohon fili. Gwaji na gaba sai bayan wata biyu. A cikinsu har da matar da aka yi wa alkawarin tuƙa motar ɗaukar ɗalibai in ta kawo lasisi a makon nan.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mini matashi, ta ce, "Auta, da mutuwa ka yi fa?"

Laraba, 26 ga Maris

Na sauke manhajar. Don in tabbatar wa Mai Gilashi cewa shirme ce.

Asabar, 29 ga Maris

Fom ɗin rajistar da ya ci mini wata guda a wancan lokacin, a nan dannawa uku ne. Tsarin duba shafi a waya ma a shirye. Abin takaici. Launukansu dai ba su yi mini ba, na sauya.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na kwashe shafin na ɗora kan manhajar, na koya wa Yaya. Awa biyu tana riƙe da linzamin kwamfuta kamar sitiyari. Ta saka sanarwar farko da kanta, duka da manyan baƙaƙe. Na ce a gyara, ta ce, "Shafinka ne ko nawa?" Ta kuma sa na buɗe wa sakatariyarta ƙofar shiga shafin, na rubuta komai a takarda ta kulle a durowa. Wai ko ba na nan, kowane mai gina shafi zai gane kan abin. A gabana ta faɗa.

Aikin tuƙin da aka yi wa matar nan alkawari, an ba wa wani. Ban iya kallon Yaya ba da ta gaya mini.

Talata, 15 ga Afrilu

Na gano wa masu manhajar aibi. In ɗalibi ya rubuta "tuki" a akwatin bincike, ba ya kawo "tuƙi". Na nuna wa Mai Gilashi ina murmushi. Ko ɗagowa bai yi ba. "To ka gyara mana, ai a buɗe take."

Na gyara a hutun rana. Layi bakwai. Ban yi niyyar bai wa kowa ba, amma ganin wurin turawa na nan a gefe, na tura dandalinsu.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Wata mai shagon littattafai, ban san a wace ƙasa take ba, ta rubuto cewa shekara guda tana fama da wannan matsalar, yanzu masu saye suna samun abin da suke nema. Ta tambaya ko zan duba ɗ da ɓ.

Kamar ba ni da aikin yi. Na dai ce mata Asabar.