Man Shanu a Mahaɗan Wayar Injin

Tamanrasat

Zuwa ga ƙanena Yazidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da Naja'atu da yara. Ni ma lafiya nake. Sanyi ne kawai ke ɗan kama mini ƙirji, da yake a gareji nake kwana, amma kada Inna ta ji.

Hamani direba ya iso da labarin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Wai ka wanke injin motarmu da ruwan rijiya mai kanwa don ta yi ƙyalli ranar suna. Da ta fara shaƙewa, ka ga koren tsatsa a mahaɗan wayoyin da ke zuwa ƙwaƙwalwar injin, sai ka kankare da ƙusa, ka shafa man shanu. Haba Yazidu, injin ne ko kitson mata? Babu ƙasidar gyaran mota da na karanta da ta ce haka.

Ga gyaran: ka fara cire kan batir. Ka zare kowace mahaɗa a hankali, ka fesa maganin da Hamani zai kawo maka, ka goge da buroshin haƙori, ka bari ta bushe sarai. Ƙarafan ciki sirara ne. In ɗaya ya karye, ba za ka samu irinsa a Dakoro ba.

Motar nan ce za ta kai Inna wurin likitan ido a Maraɗi. Ban yarda ta mace da ita a daji da rana tsaka ba. In ba za ka iya bin wannan ba, ka sa Inna a motar haya.

Allah ya shirye ka, ya ba ta lafiya.

Yayanka,
Abdulhakim