Tsutsotsina da sassaƙen Kawu Labbo

Litinin, 7 ga Afrilu

Ƙanwata Ummu Hani ta sake faɗuwa, har ta ciji harshe. Sati ukku ke nan Inna ta hana ta ƙwayoyin asibiti, wai jiƙon Kawu Labbo ya isa maganin farfaɗiya. Mutumin da ko sunanshi bai iya rubutawa! Na sato sassaƙen da ake jiƙawa daga ɗakin Inna. Sai na tona mishi asiri.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ina wurin aiki, ɗakin gwaji, tun safe. Tsutsotsinmu sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Mukan ɗiga musu sinadarin da ke sa su karkarwa kamar mai farfaɗiya, sannan mu gwada magani. Faranti biyu na sa ma jiƙon tsohon nan, biyu na bari haka nan.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sun mutu! Duk na farantin jiƙon. Ban tsaya duba sauran ba, na hau kabu-kabu sai gidanmu a Badariya. Na ce, "Inna, guba ƙanenki ke ɗura ma ɗiyarki." Ta kira shi a waya ta wanke shi tas. Ummu Hani ta koma kan ƙwayoyi. Wallahi na ji daɗi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Kaico. Waɗanda ban sa ma komi ba su ma sun mutu. Ashe wuta ta ɗauke ran Juma'a, akwatin sanyin da muke aje su ciki ya tsaya, zafin Birnin Kebbi ya dafe su.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na maimaita sau ukku. Jiƙon bai kashe ko guda ba, karkarwar ma raguwa ta yi. Tsutsa dai ba mutum ba ce. Amma in Inna ta ji, gobe ƙwayoyin na cikin shara.

Asabar, 26 ga Afrilu

Argungu. Na iske Kawu Labbo bakin gulbi yana ɗinkin koma, ragarshi ta kamun kifi. Na faɗa mishi duka, a tsaye, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ya tambaya ko yarinyar ta faɗi tun da ta koma kan ƙwayoyin. Na ce a'a.

"To kada ki gaya ma uwarki, Nazifa. Ni ban taɓa cewa a bar na asibiti ba, ita ta yanke. Bari in zauna mai guba."

Har yanzu haushinshi nake ji. Sai dai motar komawa Birnin Kebbi biyu ta cika ta tashi ina zaune ina riƙe mishi bakin koma.