Tsohon Filawil da Sabon Fenti

Baba,

Na sauke giyabos ɗin motarmu ta tsere, Opala, da safen nan don in ɗaura sabon kuloci. Sai ga tsohon filawil ɗin nan, faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji, wanda amininka Dorival ya kankare don ya rage nauyi. Har fenti kuka shafa masa, ga tsaga biyu a ƙarƙashi. Sabon da na zaɓa kuma yana cikin kwalinsa a bayan firji.

Jiya na tambaye ka ko an sa sabon, ka dubi idona ka ce, "An sa, Injiniya, sha kofinki ki bar mu mu huta."

Wata nawa ina tashi a taron ƙungiyarmu ta masu tseren mota ina cewa kankararren filawil fashewa yake yi in inji ya ɗau wuta, kuna dariya kuna cewa haka kuka saba? Ashe a gidanmu ma wasa aka ɗauke ni.

Na tafi aiki, tsohon filawil ɗin yana jakata. Kada Dorival ya taɓa motar kafin in dawo.

Ranar Lahadi a wurin tsere, ƙafafun ɗanka Wanderlei da zai tuƙa motar ne za su kasance kusa da ƙarfen nan, Baba, ba na Dorival ba.

Jucilene