Saura Ɗorawa da Tsamiya

Kusa da Kaya, 9 ga Satumba, 1994

Zuwa ga Yaya Tinga,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma sa albarka a gonar koko. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har sai an hana ta zuwa rijiya. Matata Pogbi ta ajiye maka daddawa.

Yaya, maganar itatuwan gonarmu ce. Ka san ni da littafina, shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta abin da na gani a gona. Bara da tsuntsayen nan jan-baki suka cinye dawa, ni ne na miƙe a taro na ce a kan itatuwan gonaki suke kwana. Aka yarda da ni don na yi sakandare. Kafin damina an sare bakwai cikin taran da ke jere daga kurmin rafi zuwa tudu. Saura ɗorawarmu da tsamiya, su ma don ba ni da iko da su ne. Ni noma kawai nake yi, itace naka ne tun rasuwar Baba.

Bana jan-baki sun dawo, ko kaɗan ba su ragu ba. Na bi su har rafi, ashe cikin ciyawar bakin ruwa suke kwana. Waɗanda suka daina hawa tudu su ne cilakowa da shaho da ƙananan nan masu cin tsutsa, masu tafiya daga wannan itace zuwa wancan. Shekaranjiya wata cilakowa ta sauka kan ɗorawarmu, ta daɗe tana duban filin da ba kome, sannan ta juya ta koma rafi. Yanzu fara da ɓera sun cika gonakin tudu. Inna ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin hantsi shiru haka ba.

Na faɗi wannan a taro. Maƙwabcinmu Yamba ya ce sannu malam mai littafi, bara littafi ya ce a sare, bana ya ce a bari, baɗi kuma me zai ce? Wai na sa an sare na kowa na bar namu, ga shi dawarmu ta fi ta kowa kyau. Ba wanda ya yi dariya. Gaskiya safiya ashirin da uku kawai na lura bana, wataƙila yanzun ma kuskure nake yi.

Jiya na tarar da saran gatari biyu a gindin tsamiya. Baba Nowaga mai ƙasa, dattijon da ke yanke hukunci kan gonaki, ya hana a sake taɓa itatuwan biyu har tsayuwar wata. Ya ce in mai itace bai aiko da magana ba, to ya yarda a sare ke nan. Ni dai roƙona ka ce a bari. In waɗannan biyun suka faɗi, ba inda tsuntsun rafi zai sauka har tudu.

Ka gaishe da matarka Tene, da su Rasmane da ƙannensa. Inna na sa muku albarka. Direban da ke kai wasiƙu ya ce kwana goma takarda ke yi a hanya, zuwa kaɗai. Saura kwana ashirin da shida wata ya tsaya.

Ƙaninka,
Sibiri