Rasuwar Malam Sabiru na Marsar Yanbu, da 'Yan'uwanmu Biyu da Ake Nema a Teku

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Madina, a madadin Mai Girma Shugabanta da Majalisar Dattawanta da ɗaukacin 'ya'yanta na unguwannin Jurf da Ƙurban da Ranuna, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, Alhaji Malam Sabiru Usmanu Dumbulwa, mai kula da marsa, wato tashar ƙananan jiragen ruwa da ke bakin teku a Yanbu, wanda Allah Ya karɓi ransa a Bahar Maliya ranar Talata, 11 ga Zulƙida 1423, yana da shekara hamsin da tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna rubuta wannan saƙo hankalinmu a tashe, domin har yanzu ba a ga mutum biyun da marigayin ya fita nema ba. Kamar yadda ma'aikatan marsar suka shaida wa wakilanmu, da safiyar Talatar ne Malam Umair Abdussamad, mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki daga unguwar Ƙurban, da amininsa Malam Abdulsalam, ɗalibi daga Nijeriya da ke karatun digiri na biyu a nan Madina, suka fita kamun kifi cikin ƙaramin jirgi. Bayan Azahar iskar arewa ta taso da ƙarfi, jirage suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, nasu bai dawo ba. Marigayin ya yi ta kiransu a rediyo ba amsa. Ya sanar da jami'an tsaron gaɓar teku, suka kuwa tashi nan take, amma shi ya san lungun da Umair ya saba jefa ƙugiya, sai ya ce zai riga su can. Abokan aikinsa sun roƙe shi ya dakata, ya amsa musu da cewa shi ya kwance wa mutanen nan igiya da hannunsa da safe, ba zai iya zama a kan kujera yana kallon ruwa ba. Da hantsin Laraba aka samu jirginsa a kife kusa da duwatsun murjani, gawarsa kuma ba nisa da wurin.

An haifi Malam Sabiru a Madina, ɗa ne ga iyayen da suka iso aikin Hajji da ƙafa suka zauna. Bai taɓa ganin teku ba sai da ya kai shekara ashirin da biyu, lokacin da neman aiki ya kai shi Yanbu. Ya fara da wanke jirage da ɗaure igiya, ya koyi gyaran inji a hannun masunta, har aka damƙa masa kulawar marsar baki ɗaya, aikin da ya riƙe shekara goma sha takwas. A da wurin gadar katako ce da masunta kawai ke takawa. A hannunsa ya zama inda gari ke haɗuwa da yamma: masunta suna sauke kifi a gefe ɗaya, magidanta suna shimfiɗa darduma da butar shayi a ɗaya gefen, jiragen yawo suna shiga suna fita. Shi ya dage aka keɓe wurin salla, aka sa fitilu a kan gadar, aka yi shinge inda ruwa ke da zurfi. Ba ya barin kowa ya hau jirgi ba rigar ceto, komai girman muƙaminsa, kuma ya sha ɓacin rai da manya a kan haka bai sassauta ba.

Mu mutanen Madina muna da kaso na musamman a cikin alherinsa. Duk iyalin da suka yi tafiyar awa biyu da rabi ranar Alhamis don su sha iskar teku sun san inda za su sauka. Matasanmu, waɗanda suke kiransa Ammi Sabiru, wato Baffa Sabiru, su yi masa magana da Larabci ya mayar musu da Hausa, kuma ba ya kunna inji sai sun gaishe shi da ita. Ɗalibanmu da ke zuwa daga gida, waɗanda kewa ta dama, da yawa a rumfarsa suka ci tuwon da suka daɗe ba su gani ba.

An yi masa salla a Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bayan La'asar ta ranar Laraba, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Hajiya Ƙaltume, da 'ya'yansa Malama Khalida da Malama Sundus, da jikokinsa, da dukkan zuriyar Dumbulwa, da abokan aikinsa na marsa. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓe shi cikin shahidai, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Ana karɓar gaisuwa a gidansa da ke Jurf tsakanin Magariba da Isha'i har zuwa ranar Juma'a.

Game da waɗanda ake nema, muna roƙon jama'a da girman Allah su kame bakinsu. Jiya an samu galan ɗin mai da hula a kan ruwa, amma babu wanda ya tabbatar nasu ne, jami'ai kuma suna ci gaba da bincike duk da iskar ba ta lafa ba. Mun ji wasu sun riga sun buga waya Nijeriya sun ce an ga gawa. Ba a gani ba. Mahaifin Malam Abdulsalam tsoho ne mai ciwon zuciya, kuma mai ɗakin shi Abdulsalam ɗin, Malama Sa'adiya, tana Ranuna da tsohon ciki. Haka nan muna gargaɗin matasan da ke shirin ɗaukar jirage su shiga nema da kansu: kada kowa ya fita. Wanda ya fi ku sanin ruwan nan shi muka binne jiya.

Hajiya Fatna, mahaifiyar Umair, tana Yanbu tun daren Talata, ta ƙi barin bakin gadar, kuma wakilanmu mata suna tare da ita. Duk wanda zai je wajenta ko wajen Malama Sa'adiya, ya je da addu'a, kada ya je da ta'aziyya. Ba mu sa sunan ɗan Hajiya Fatna ko na mijin Malama Sa'adiya cikin mamata ba, kuma muna roƙon limamanmu su sa su cikin addu'a gobe Juma'a a matsayin rayayyu da muke jira. Ya Allah, Ka kwantar da iskar nan, Ka dawo mana da su.

Sa hannu:
Ustaz Sa'id Ɗanmusa
Kakakin Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Madina
Alhamis, 13 ga Zulƙida 1423 (16 ga Janairu, 2003)