Atishawar Dogo

Zuwa ga uwargidana,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ya jikin naki, ya kuma nauyi? Ina fata kumburin ƙafar ya saɓe. Ki gaishe min da Inna, ki ce na gode da zaman da take yi da ke.

Kin tambayi ranar dawowata, har da gorin wai na bar tukunya a gida na zo uwa duniya kallon ruwan zafi. Gaskiyarki. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ne ya ce ba zai sallame ni ba sai na ɗauki hoton kumfa ɗaya tak, tun daga ɓullowarta a jikin farantin tagulla har ta saki ta yi sama. Da haka za mu gane yadda tafasa ke kwashe zafi daga ƙarfe, don injuna su daina ƙonewa.

Ita kuwa kumfa ba ta son wuri mai santsi, sai ta sami ɗan ramin da za ta fito. Shi ya sa muke goge farantin sumul, sannan inji ya huda masa rami guda, ƙarami ƙwarai, daidai saitin kyamara. Na goge nawa har ina hango furfurata a ciki, sai injin hudawar ya lalace, mai gyara kuma kullum gobe. Na gwada a haka. Ruwa ya ɗau zafi ya yi tsit, kamar ke in kin yi fushi, can sai ya yi bori gaba ɗaya ya jiƙa min takalmi.

Ina dariya ne kawai, amma wallahi hankalina yana gida. Tsorona kada baƙonmu ya iso ba na nan.

Mijinki,
Mai Tukunya, in ji ki

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku ke da Inna, albishirinki!

Kin tuna Dogo, abokin aikina mai fama da mura rani da damina? Jiya da hantsi ya zo taya ni saita allurar auna zafi a cikin tankin gilashi. Yana kusantar farantin sai atishawa ta kufce masa, allura ta caki tagullar nan da na sha wahalar gogewa. Ban san ina da baki haka ba sai jiya. Bawan Allah ya tsaya riƙe da hanci yana ba ni haƙuri.

Don in nuna masa ɓarnar da ya yi na kunna wuta. Sai ga kumfa ta leƙo daga inda ya caka, ta kumbura, ta tashi, wata ta biyo ta, a jere kamar 'yan makaranta. Muka ja kyamara da gudu muka saita, muka ɗauki hoton.

Farfesa ya auna ramin a madubin ƙara girma, ya juya, ya sake aunawa, ya ce zai yi. Ya sa hannu, ya sallame ni. Dogo kuwa yanzu tafiyarsa ma ta canza, wai da gangan ya yi. Na ba shi haƙuri, na saya masa maganin mura, ya ce ba zai sha ba kada ya rasa sana'a.

Jakata a ɗaure take, motar safe zan biyo. Ki lallaɓa min baƙon nan ya ɗan jira babansa. In ya iso lafiya, ni zan riƙa dafa muku ruwan wanka, kuma na yi alkawari ba zan tsaya kallonsa ba.

Naki har kullum,
Mai Tukunya