Injin Ma'allam Busha'ib

Litinin, 4 ga Maris

Fom ɗin tseren kulob ya iso yau. Aji biyu ne ga tsofaffin motoci: ajin asali, wato motar da take yadda kamfani ya ƙera ta, da ajin waɗanda aka yi wa sauyi. Motata Alfa ta 1971 daga waje asali ce tsaf, har kujerunta. Ciki kuwa bakanikena Ma'allam Busha'ib ya shekara biyu yana faɗaɗa wani injin irin nata a garejinsa na Ain Seba, daga girman 1600 ya kai shi kusan 2000, ya sa mata. Ko an buɗe bonat ba mai ganewa.

Shekarata hamsin da tara. Likitan ido ya ce bana zai sa min hannu a takardar shiga tsere, baɗi kuma sai ya gani. Ban taɓa cin kofi ba, ko na tseren buhu a makaranta.

Alhamis, 7 ga Maris

Mun ci gasasshen sardin da abokina Haj Tuhami a bakin tashar jiragen ruwa. Shi da tsohuwar Porsche ɗinsa kullum a ajin sauyi suke. Ya ce, "Si Jilali, rubuta 1600 ka huta. Wa zai kwance maka inji? In ka shigo ajinmu, yaran nan za su zagaye ka sau biyu kafin ka gama neman giya ta uku." Ya yi dariya har ya ƙware. Na biya kuɗin kifin don ya yi shiru.

Asabar, 9 ga Maris

Na rubuta 1600, ajin asali. Na aika.

Talata, 12 ga Maris

Na faɗa wa Ma'allam. Yana wanke kabireta a cikin kwano, bai ɗago ba. Ya tambaye ni ko na riga na aika, na ce e. Ya ce to. Ya zuba min shayi kamar kullum, muka yi hirar ƙwallo.

Na daɗe ina kallon hannuwan mutumin nan. Shekara saba'in da huɗu, yatsun duk sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, amma yakan ɗora ɗan yatsa a kan inji yana aiki ya ce maka fulogi na uku ne ke wasa. Bai taɓa kuskurewa a gabana ba.

Juma'a, 15 ga Maris

Bayan masallaci na biya gareji da kwanon kuskus da matata Na'ima ta ce in kai masa. Na tarar da motata a buɗe, an ɗaure injin da sarƙa ana shirin ɗaga shi. A gefe ga tsohon injinta na asali, wanda muka jefar a lungu tun bara waccan, ya goge shi fes.

Na ce me ke nan? Ya ce ai na rubuta 1600, shi ne zai mayar min da 1600. Kwana biyu ke nan yana yi shi kaɗai, da waɗannan hannuwan.

Na ce ba mai dubawa fa, Ma'allam. Ya ce, "Ni na san abin da ke ciki, ɗana. Motar da ta fita daga ƙofar nan, abin da aka rubuta a takardarta shi ne a cikinta." Babu faɗa a muryarsa, kamar yana gaya min farashin mai. Sai ya ƙara da cewa tsohon injin ma zai iya kai ni na uku, in na daina taka birki tun daga nesa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Na tsaya da kwano a hannu kamar wawa. Ɗan fashin baƙin da na shirya a mota duk ya gudu.

Asabar, 16 ga Maris

Na kira Lalla Zuhur, mai duba motocin kulob, wadda ta yi tsere da maza tun ina koyon tuƙi. Na ce a mayar da ni ajin sauyi, na yi kuskure a fom. Ta ce dama tun ranar gwaji a watan jiya ta ji ƙarar motar ta san ba 1600 ba ce, tana jira ne ta ga ko zan kira. Kunya kamar in nutse.

Ma'allam ya mayar da injinsa. Na ji yana 'yar waƙa a ƙarƙashin mota.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ranar tsere a Wad Zam. Mu goma sha ɗaya a ajin. Na zo na takwas.

Tuhami ya wuce ni tun kwanar farko, har da ɗaga min hannu, ɗan banza. Amma daga zagaye na huɗu na haɗu da wata yarinya 'yar Rabat a farar BMW, muka yi ta musayar wuri har zagaye shida. A kwana takan tsere min, tuƙinta tsaf babu ɓarna. Da mun fito miƙaƙƙiyar hanya in taka totur, sai injin ya buɗe murya ya kamo ta. Ban taɓa jin motar haka ba. Ina ihu ni kaɗai cikin hular kwano. A zagayen ƙarshe ta riga ni da tsawon mota ɗaya.

Da muka tsaya, ta zo ko hula ba ta cire ba, ta ce, "Baba, don Allah wa ya haɗa maka wannan injin?" Na nuna mata Ma'allam, yana zaune a kan taya yana ɓare lemo. Kafin in sha ruwa mutum shida sun kewaye bonat, shi kuma yana nuna musu da ɓawon lemo, yana bayani a hankali. Lalla Zuhur ma ta tsaya ta ji har ƙarshe.

Wanda ya ci ajin asali, na fi shi sauri da daƙiƙa huɗu a kowane zagaye. Na duba allo sau biyu. Kofin nasa babba ne, ba laifi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na'ima ta ce tun Lahadi ban yi zancen komai ba sai yarinyar BMW da kwana ta biyar. Ƙari take yi.

Ma'allam ya ce in zo Asabar da sassafe mu fita hanyar Azemmur, zai zauna a gefena ya nuna min inda ake taka birki. Na ce ina da aiki a kantin magani. Amma na riga na nemi wanda zai tsaya min.